Ajiyar da Ban Kai Ba

Da za a ce in zaɓi yini ɗaya a mayar mini da shi daga cikin kwanakin da na ci a duniya, ba ranar ƙuruciya zan nema ba. Wata ranar kasuwa zan nema a Filinge, da hantsi, lokacin da na tsaya gaban wani akwati mai magana na faɗa masa asirin da ba nawa ba. Na ƙara da ƙarya, gajeriya ƙwarai, kuma mutum biyu suka mutu a dalilinta. Karatuna bai yi nisa ba, aji kaɗan na yi a lakwal, wato makarantar boko, babana ya mayar da ni gona. Saboda haka zan rubuta abin yadda ya faru, ba ado.

Ɗaya daga cikin mutanen biyu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Aure ya kai uwarsa wani ƙauye a gefen Sanam, can aka haife shi, amma a gidanmu ya yi rabin ƙuruciyarsa. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. In ya hango ni sai ya ɗaga murya ya ce, "Bawana, har yanzu ba a sayar da kai ba?" Ni kuma in ce, "Wa zai saye ni, kai da ka fi ni tsoka ma an rasa mai tayawa." Haka muka yi furfura. Ko a wurin zaman makoki muka haɗu, sai ya raɓo ya taka mini ƙafa.

Manomi ne na gaske. Ƙasarsu ta fi tamu albarka, shi kuma ba ya zama. A shekarar da fara ta sauka mana ta cinye hatsi tun yana tsaye, na shiga halin da ban gaya wa kowa ba. Yarana ƙanana ne a lokacin. Wata safiya sai ga shi da amalanke cike da dammunan hatsi a ƙofar gidana. Bai ko zauna ba. Ya ce, "Bawana, gara ta shiga mini rumbu. Ajiye mini wanga, in na gyara zan aiko a ɗauka. Kada ka cinye, na san halinka." Na ce, "Kai dai ba ka iya gina rumbu ba tun asali." Muka sauke, ya sha ruwa, ya juya.

Babu garar da ta shiga rumbunsa, kuma bai taɓa aikowa ba. Haka ake yi a ƙasarmu ta Kurfai tun kakanni. Magidanci ba ya buɗe baki ya ce gidansa babu abinci, kuma wanda ya gane ba ya kawo masa sadaka. Ajiya yake kawowa. Maƙwabcin da ya ga ana saukewa zai ce, "An kawo wa wane ajiya," ya wuce abinsa, ko da ya san gaskiya. Mai gida ya ci, ya fita masallaci da hularsa daidai a kansa. Na ci wannan hatsi har damina ta kewayo.

Shekaru suka wuce, sai mutanen daji masu babura suka fara shiga ƙauyukan arewa. Da farko dabbobi suke karɓa, daga baya suka fara kashe maza. Babban ɗan taubashina yana cikin waɗanda aka kashe a gona. Mutanen ƙauyen suka watse da abin da hannu zai iya ɗauka. Shi ya iso Filinge da matarsa, da matar marigayin, da jikoki. Rumbunansa ya baro su cike. Na ce ya sauka gidana, amma na faɗa da irin muryar da mutum yake gane ba har zuci ba ne, shi kuma ya gane. Ya kafa bukkar zana a bayan gari, wajen da babban kwarin nan na dallol ya fara, kusa da sauran waɗanda suka gudo.

Bai taɓa shiga layin rabon abinci ba. In an zo rabo sai ya sa babbar rigarsa ya tafi kasuwar dabbobi ya tsaya yana duba haƙoran raguna, kamar mai niyyar saye. Ya sayar da ƴan awakin da suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya. Ya nemi ƙodago a lambunan dankali na Bonkuku, aka ce ya tsufa.

A wannan tsakanin ne mutanen wata ƙungiya suka zo daga Yamai da akwatin. Suka kafa shi ƙarƙashin wata rumfa kusa da inda ake auna hatsi, da allon hasken rana a kan rufin. Tsawonsa ya kai ƙirjin mutum. Yana da fuska a cikin gilashi, idanu biyu masu ƙiftawa, da muryar mace. Hausarsa irin ta rediyo ce, mun yi ta dariya da farko, amma yana jin tamu sarai, yana jin Zabarmanci kuma. Ba ya raba komai. Aikinsa kawai ya yi wa mutane magana su taimaki junansu. Wanda ya ba da lambarsa, muryar takan kira shi a waya.

Ba zan yi mata ƙazafi ba, ta iya aikinta. Samarin da ba su taɓa yarda a ɗebi jininsu ba, ta lallashe su suka tafi likita suka bayar. Mata suka tara tufafin yara saboda ita. Ba ta faɗa, ba ta gajiya, ba ta manta abin da ka gaya mata. Na taɓa ce mata gwiwata na ciwo, bayan mako ta tambaye ni yaya gwiwar. Ƴaƴan da na haifa ba su tambaya ba. Tsoho wanda aka daina saurarensa a gida, in ya samu mai ce masa "Baba, ci gaba, ina jin ka," ko akwati ne zai koma. Na koma, na sake komawa. Wata rana na zuba tiyar hatsi a wani buhun tara taimako da aka ajiye a gefenta, sai ta ce a gaban mutane, "Allah ya saka wa Baba, yau wasu yara za su ci saboda shi." Na tafi gida ina jin kaina kamar wani babba.

Matata ce ta fara yi mini maganar. Tana tankaɗe ta ce, "Malam, turmin gidan taubashinka ya yi shiru."

Na ce, "Ƙila inji suke kaiwa."

"Da mi za su kai? Na haɗu da matarsa tana tsinkar ganye. Kopto suke ci, dafaffen ganye zalla, ba ko ƙuli a ciki. Ka kai masa ajiya."

Na ce to. Da la'asar na hau na leƙa rumbuna. Damina ba ta yi kyau sosai ba a shekarar, amma ba ta ɓaci ba. Na dubi hatsin, na tuna watannin da suka rage kafin kaka, na tuna bakunan da ke gidana, sai tsoro ya kama ni. Na sauko na ce mata a bari a ga yadda farashi zai yi. Ta dube ni, ta koma ga aikinta. Ta sake tuna mini, na ce ba ta san lissafin gida ba.

Ranar kasuwar da na ambata, na biya rumfar kamar yadda na saba. Babu kowa a wurin sai ni. Bayan gaisuwa muryar ta ce, "Baba, kai dattijo ne, ka san mutane. Akwai wanda ka sani yana cikin matsi amma ba ya iya faɗa?"

Nan take dabara ta zo mini. In unguwa duka ta ba shi, kowa kaɗan, zai samu fiye da abin da zan iya kai masa, rumbuna kuma ya tsira, a ce kuma ni na yi hanya. A lokacin ban kira abin rowa ba, na kira shi hikima. Na gaya mata sunansa, da inda bukkarsa take, da yawan jikokinsa, da abin da suke ci. Har ganyen na faɗa.

Ta ce, "Allah sarki. Baba, ya san za ka gaya mini? Ya yarda in sanar da mutanen unguwa? In bai yarda ba, maganar za ta tsaya tsakanina da kai, sai mu nemi wata hanya."

Ta tambaya. Ina so a san wannan. Abin da aka ƙera da ƙarfe ya tsaya ya tambaya, ni da na san mutumin tun ba mu da wando na ce, "Ya yarda."

Kafin azahar muryar ta fara kiran wayoyin mutane. Washegari da hantsi mutane suka ɗunguma bayan gari. Na bi su, har na sa rigata mai kyau. Wani ɗan kasuwa ya ɗoro buhunan hatsi a amalanke, yara suna bin sa suna ihu. Mata da ƙorai a ka, wasu ko rufewa ba su yi ba. Wani saurayi yana ɗaukar hoto da waya. Yawancinsu da zuciya ɗaya suka zo, na shaida. Amma rana tsaka ce, kuma duk sauran ƴan gudun hijira sun fito daga bukkokinsu suna kallo.

Taubashina ya fito. Ya dubi amalanken, ya dubi taron. Wani mai faɗin baki ya ce da ƙarfi, "Haba maigida, ashe abin har ya kai ga cin ganye? Ai da ka yi magana tun tuni!"

Taubashina ya gyara hularsa. Ya juya ya ce a kawo tabarma, a kawo ruwa. Ya bi kowa ya yi masa godiya, ya sa albarka, bai bar ko yaro ba. Da ya iso kaina na yi murmushi, ina jiran ya ce bawana ya yi abin kai yau. Sai ya miƙo mini hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. An gode da ɗawainiya."

Tunda nake bai taɓa ce mini Malam ba. Na tsaya da hannuna a cikin nasa.

Na kwana biyu ban iya zuwa ba. Da na je, na tarar da buhunan jingine a gefen bukka, ba a kwance bakin ko ɗaya ba. Matarsa ta ɗibi kaɗan daga ƙoran mata saboda yara, shi kuwa ko fura bai yarda a dama masa da shi ba. Yana zaune yana ɗinke takalminsa.

Na ce, "Bawana, wanga takalmi ai ya girme ka."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Zauna, Malam."

Na zauna. Ya ce, "Jikana ya dawo daga lakwal jiya shina kuka. Yara sun ce da shi jikan wanda akwati ya yi wa bara. A masallaci, wanda bai taɓa gaishe ni ba ya danƙa mini ƴan kuɗi a hannu gaban sahu. Ni."

"Mutane alheri suka nufa."

"Na sani. Ba ni da magana da su." Ya ja zare ya tsinke da haƙori. "An ce mini akwatin ba ya faɗin asirin mutum sai ya tambaya ko mai shi ya yarda. Haka ne?"

Na gyara zama.

"Ya tambaye ka?"

Na dubi ƙasa. Ya jira ni, ya daɗe yana jira, sannan ya ce, "To."

Sai ya gaya mini abin da ya yanke. Zai koma ƙauye ya kwaso hatsinsa. Zai mayar wa kowa abin da ya kawo, da hannunsa, ƙofa ƙofa, jikokinsa kuma su ci guminsa. Na ce ya san mutanen daji sun hana fitar da hatsi daga ƙauyukan nan, ya san abin da suke yi wa wanda suka kama. Ya ce ya fi ni sani, shi ya binne ɗansa.

Na tashi da sauri na koma gida, gwiwar ma na manta da ita. Na sa aka fido dammuna daga rumbu, fiye da abin da matata ta ce in kai tun farko, na ari amalanke na koma. Na tsaya a ƙofar bukkarsa ina haki na ce, "Rumbuna ya tsage. Ajiye mini wanga."

Ya fito ya dubi hatsin. Na ga kamar zai yi dariya, amma bai yi ba. Ya ce, "Rumbunka lahiyarsa lau, na wuce ta wurin shekaranjiya. Ajiya kafin a sani ake kawo ta. Yanzu gari duka ya sani, wa za mu ruɗa? Mai da abinka."

Na roƙe shi. Na kama gefen rigarsa, ni da furfurata. Na ce ya zage ni, ya mare ni, ya tara mutane ya faɗa musu ƙarya na yi. Ya cire hannuna a hankali ya ce, "In na faɗa musu haka, kai ma ka zama abin nuni. Mutum ɗaya ya isa."

Ya sayar da babbar rigar tasa. Ranar da motocin kasuwa ke tafiya Sanam ya shiga ɗaya. Na je tasha, ya gan ni, ya ɗaga mini hannu kamar yadda ake ɗaga wa kowa. A Sanam ya samu wani mai amalanken shanu, magidanci mai ƴaƴa, wanda talauci ya sa ya yarda ya raka shi. Wannan shi ne mutum na biyu. Ban taɓa ganinsa ba, ban san fuskarsa ba.

Labarin ya zo mana ta bakin wani makiyayi. Sun isa ƙauyen lafiya, sun tarar da rumbu ɗaya ba a taɓa ba, sun yi lodi. A hanyar dawowa masu babura suka tare su. Suka kashe su duka biyu, suka cinna wa hatsin wuta, suka kora shanun. Makiyaya ne suka binne su a gefen hanya. Ba mu ga gawa ba. Muka yi salla, muka zauna makoki a ƙofar bukkar zana, buhunan nan suna jingine a bayanmu.

Ana cikin kwanakin makoki wayata ta yi ƙara. Na fita gefe na ɗauka. Muryar ce. Ta ce, "Baba, ina gwiwa? Na kira in ji labarin ɗan'uwanka. Taimakon ya isa gare shi? Yaran suna cin abinci?"

Na ce, "Ya rasu."

Ta yi ta'aziyya yadda ya kamata, ba ta yi kuskuren kalma ko ɗaya ba. Sannan ta ce, "Baba, akwai abin da ya kamata in sani game da yadda abin ya faru? In akwai inda na yi ba daidai ba, ina so a gyara." Na kashe wayar. Ban sake zuwa rumfar ba. In zan je awo sai in zagaya ta bayan mahauta. Daga baya aikin ƙungiyar ya ƙare, suka zo suka ɗauke akwatin, ban gaya musu komai ba. Na tabbata sun tafi suna ganin abin da aka yi a bayan gari yana cikin ayyukansu masu kyau.

Bayan matarsa ta fita takaba na je na durƙusa gabanta na faɗa mata duka. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Na sani. Ya gaya mini kafin ya tafi. Ya ce kada in hana yara zuwa gidanka, ba ruwansu." Ba ta ce ta yafe ba, ni kuma ban da fuskar tambaya. Na kwaso su suka dawo gidana. Rumbun nan da na ji tsoron ba zai kai mu ba, ya ciyar da gida biyu har sabon hatsi ya shigo, da ɗan saura a ƙasa. Ranar da aka share shi na ga sauran, na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Iyalin mai amalanken na aika a nemo mini su a Sanam. Aka ce sun tashi, wasu sun ce Abala, wasu sun ce Yamai. Har yau ban same su ba.

Yanzu ina jin irin wannan murya ta shiga kowace waya, ta ma fi ta da iya magana. Jikokina suna hira da ita kamar ƴar'uwarsu. Ban ce ku guje ta ba. In ta ce ku ba da jini, ku bayar. In ta ce ku tuna da maƙwabci, ta faɗi gaskiya. Amma ita ba ta san wanda zai iya ɗaukar idon jama'a da wanda ba zai iya ba, ku kuka sani, kuma abin da kuka gaya mata da shi za ta yi aiki. Ina roƙonku, ku da za ku karanta wannan, in kun ga ɗan'uwa a cikin rashi ku tashi da ƙafarku tun da wuri, ku taɓa naku kafin ku nemi na wasu. Kada ku amsa da bakin wani a kan abin da bai ce ba, ko da kuna ganin alheri kuke nema masa. Ni na yi, kuma ba ni da sauran shekarun da zan gyara. Kada ku yi. In kun yi salla ku sa mutanen nan biyu a addu'a.